Ya Siddiƙa, Wadda Ta Hana a Naɗe Dardumar Aro

Ranar Talata, 6 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Hajiya Siddiƙa Abdulwahab, wadda duk unguwar Abbaganaram ke kira Ya Siddiƙa, ta rasu a gidanta bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da bakwai. Bayan la'asar aka yi mata salla, aka raka ta makwancinta a maƙabartar Gwange. Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Ya Siddiƙa, na san da za ki ga wannan rubutu da kin ce, "Malam, rage bayani, zo ka kama min ƙafarsa." Haka kike tare ni duk lokacin da na ɗauko dogon zance. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da naku tun ina saurayi. Ni na zama malamin tarihi, ina koya wa yara labarin mutanen da suka daɗe da mutuwa, ke kuma kin ƙarar da ƙuruciyarki a asibiti kina hana na raye bin su da wuri. Ko a lokacin na san wanda aikinsa ya fi amfani.

Kin yi ritaya daga aikin jinya, amma unguwa ba ta taɓa karɓar takardar ritayar ba. Mai zazzaɓi, mai naƙuda, yaron da ya cusa ƙwayar gyaɗa a hanci, duk ƙofarki suke bugawa. Kina yi musu faɗa da Barbarci, ki fassara da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba, in abin ya kai maƙura ki rufe da Turancin asibiti, sannan ki ɗauki jakarki ki bi su. A ciwon ajalin mahaifiyata ke kika koya wa matata yadda ake wanke wa mara lafiya kai tana kwance ba tare da an jiƙa katifa ba. Da aka gama kika shafa mata humra, kika ɗaura mata ɗankwali, kika miƙa mata madubi. Tsohuwa ta daɗe tana kallon kanta. Kika ce da mu, wanda ya kwanta ciwo ba ya daina zama mutum, mu ne muke mantawa.

Amma abin da nake so in rubuta, tun kafin masu gyaran labari su iso, shi ne maganar Baba Ba'ana.

Baba Ba'ana mai wankin hula ne. Kusan babu wani mai kai a wannan unguwa da hularsa ba ta bi ta hannunsa ba: ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a kan gungume, ya buga, ya mayar maka da ita tsaye kamar yau aka ɗinka. Yana da 'ya'ya maza biyu, Ya'akubu da Mikail. A shekarun tashin hankali suka tafi gonarsu a wajen Konduga da damina, ba su dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Baba Ba'ana bai yarda an yi masa gaisuwar mutuwa ba, kuma duk wanda ya tambaye shi yara, amsarsa ɗaya ce: suna gona. Unguwa ta san haka, ta kuma daina tambaya.

Ambaliyar bara ta shiga ɗakinsa ta fita da komai. Bai gama farfaɗowa ba ɓarin jikinsa ya shanye. Ya kwanta a kan 'yar katifar agaji, ba ya iya juyawa da kansa. Matarsa, Ya Zainaba, ita ma tsohuwa ce mai fama da sanyin ƙashi. Tana iya ba shi kunu, tana iya yi masa fifita, amma ɗaga namiji ya fi ƙarfinta. Wanda kuwa ya daɗe kwance a gefe ɗaya, fatarsa takan buɗe. Gyambon kwanciya ya fito masa a baya, yana ci a hankali.

Ana cikin haka aka ji an buɗe shirin ɗaukar nauyin jinyar tsofaffi marasa ƙarfi. Wanda ya cancanta, za a riƙa turo masa nas har gida, a ba shi magani da auduga da robar fitsari, in ta kama a kwantar da shi asibiti ba tare da ya biya ba. Sharaɗi biyu ne: ya zama ba shi da hali, kuma ba shi da ɗa baligi da zai riƙe shi. Ke kika kai sunansa. Muka ce ai wannan ko makaho ya shafa ya san Baba Ba'ana aka yi wa shirin.

Ranar da masu tantancewa za su zo kina Maisandari, wajen 'yarki Jannat da ta haihu. Bulama, mai unguwarmu, ya sanar cewa gobe baƙin gwamnati za su shiga gidan Baba Ba'ana. Abin da ya biyo baya, duk wanda aka haifa a garin nan ya riga ya sani. Baƙo zai shiga ɗakin maƙwabcinmu ya tarar da siminti tsirara? Ba a garinmu Yerwa ba. Hajiya Rakiya ta aiko da babbar dardumarta ta falo. Wani ya kawo labule, wani fanka mai caji, wata filas da kofunan shayi masu ruwan zinare. Bulama da kansa ya ba da babbar rigarsa ta Juma'a. Aka yi wa tsoho wanka, aka jingina shi da matasai, aka kafa masa hularsa, wadda ita kaɗai ce tasa a duk ɗakin. Ya Zainaba ta turara ɗaki har ƙamshi na fita titi. Daga gida na uku aka shigo da burabisko da miya har da nama. Duk an yi shi don Allah, kuma da zuciya ɗaya.

Jami'in da ya zo, wani matashi ne mai ladabi, sunansa Habib. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa.

"Baba, ya jiki?"

"Alhamdulillahi."

"Abinci fa, ana samu?"

"Ba mu taɓa kwana ba mu gode wa Allah ba."

"Kana da yara?"

"Biyu. Suna gona."

Habib ya dubi darduma, ya dubi fanka, ya ci burabisko, ya yi godiya, ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. Ban ga laifinsa ba. Amsa ta dawo cewa Baba Ba'ana bai cancanta ba: gidansa na rufin asiri ne, kuma yana da manoma biyu da ke riƙe da shi. Wato unguwa ta haɗa kai, cikin ƙauna da ƙwazo, ta kori ɗanta daga layin magani.

Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa akwai mabuƙacin da wanda bai sani ba zai ɗauka mawadaci ne, saboda kamun kai. Almajiran farko ma sun san wannan karatun. Ga alama dai bai isa ofishin ba, ko kuwa ya isa an ce ya dawo gobe.

Da kika dawo kika ji, an riga an taru a ƙofar Bulama an samo mafita. Za a roƙi a sake zuwa. Wannan karon a naɗe darduma, a cire labule, kada a share ɗaki, a sa wa tsoho yagaggiyar riga, Ya Zainaba ta ɗan yi kuka in da hali. Maganar yara kuwa, ofis ya riga ya faɗi abin da yake so: takardar rantsuwa daga kotu, uban ya shaida da bakinsa cewa 'ya'yansa sun mutu. Kowa ya ce wannan mai sauƙi ne, a lallashe shi ya dangwala yatsa.

Kika gyara lafayarki, kika tsaya a tsakiyar maza. Ban taɓa mantawa ba.

"Bulama, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wanke muku huluna, yau ku ne za ku tuɓe masa tasa? Dardumar nan ba za a naɗe ta ba. In talauci suke nema, ba a ƙasan ɗaki yake ba, yana bayansa, ni nake wanke shi kullum. Kuma ba za a sa uba ya kashe 'ya'yansa da bakinsa don a ba shi auduga ba."

Wani dattijo ya ce, "Ya Siddiƙa, ai mai nema ba ya fushi."

Kika ce, "Ba nema muke ba, Baba. Haƙƙinsa ne, ajiya aka ba su."

Daga ranar kika zama baƙuwar ofishin nan ta dindindin. Masinja ya san ki, mai gadi ya san ki, har mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ya fara ajiye miki benci. Aka ce oga ya fita taro, kika ce za ki jira. Aka ce taron na kwana uku ne, kika ce ai ke ritaya kika yi. Ba ki taɓa zagin kowa ba, ba ki kuma taɓa tafiya da wuri ba. Na karanta labarin masu kewaye birni da yaƙi har ya buɗe ƙofa, amma ban taɓa ganin an yi shi da jakar hannu da carbi ba sai a wurinki.

A ƙarshe kika taho da Habib. Ya tarar da ɗakin yadda ya bar shi: darduma a shimfiɗe, turare na tashi, tsoho cikin babbar riga. Ya fara duban ki kamar mai cewa, to me ya canza? Kika ce, "Ɗana, ajiye biron. Kama kafaɗarsa, ni zan kama ƙugu. In na ce bisimilla mu juya tare." Kika nemi izinin Baba Ba'ana, kika sa aka ja labule, kika ɗaga rigar Bulama. Habib ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Bai saki kafaɗar ba har kika gama wankewa, wannan na shaida masa. Bayan nan ya fita ya daɗe a gindin bishiyar dogon yaro. Ya sake rubuta rahoto, ya faɗi gaskiya. Amma maganar 'ya'ya ta fi ƙarfinsa, sai kwamiti ya zauna. Kwamiti kuwa, kamar yadda aka sani, halitta ce mai wuyar zama.

Kafin ya zauna, jinyar ta dawo kanki. Ana juya irin wannan majinyaci duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambo ya ci gaba da aikinsa. Kika kira tsohuwar abokiyar aikinki, Sista Salomi Pindar, wadda kuka fara aiki tare tun kuna 'yan mata. Ta riƙa hawo keke mai ƙafa uku daga unguwarsu, ranar Lahadi ma tana tasowa daga coci nan take yowa. Kuka koya wa maza da matan layinmu yadda ake kama mutum ba a ja fatarsa ba, da inda ake cusa matashi. Ni aka ba ni ƙafa, don kin ce can ne ba zan yi ɓarna da yawa ba. Amma kin gaya mana gaskiya: hannun maƙwabta yana rage gudun ciwon, ba ya tsayar da shi. Yana buƙatar magani na gaske da nas mai zuwa a kai a kai. In damina ta sauka gyambon nan bai rufe ba, kika ce, kada mu sa ran zai ga kaka.

Duk wannan lokacin ke ma ciwo na cin ki. Mun ga kina rama, mun ga kina tsayawa a zaure kina mayar da numfashi. Duk wanda ya tambaye ki, sai ki ce alhamdulillahi. Ashe ke ma 'yar garin ce. Kin shimfiɗa mana taki dardumar, muka zauna a kai, muka sha shayi, muka rubuta cewa lafiyarki ƙalau. Wannan ɗaya, Ya Siddiƙa, ina da ƙorafi a kanki, sai dai babu ofishin da zan kai shi.

Ranar zaman kwamitin ta faɗo a makon da ya biyo bayan rasuwarki. A wurin zaman makoki mutane suka fara cewa shi ke nan, mai maganar ta tafi, a kai tsoho kotu ya dangwala a huta. Labari ya kai wa Baba Ba'ana. Ya aika aka kira Bulama. Harshensa ya yi nauyi tun da ciwon ya same shi, amma kowa ya ji abin da ya ce: "A sa min rigar. A kai ni."

Na san da kina nan da kin yi mana faɗa kan fitar da majinyaci cikin zafin Mayu. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, mun fita tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Aka ɗauke shi a kan dardumar Hajiya Rakiya, maza shida suna riƙe da gefunanta, aka sa a bayan a-kori-kura, Ya Zainaba na riƙe masa da lema. Ya sha turare, hula a tsaye. Wanda ya gan mu a hanya zai zaci ɗaurin aure za mu.

Muka shimfiɗa shi a tsakiyar ɗakin taro. Shugaban kwamitin, dattijo ne mai furfura, ya miƙe ransa a ɓace ya ce, "Bayin Allah, nan ofis ne, ba asibiti ba."

Sista Salomi ta ce, "Mun sani, ranka ya daɗe. Asibitin muka zo tambaya."

Aka fara karanta takardu. Ana tsaka da karatu Salomi ta dubi agogonta, ta ce a yi mata haƙuri, lokacin juyi ya yi, kuma gyambo ba ya jiran kwamiti. Ta durƙusa a ƙugu, ni na kama ƙafar da na saba kamawa. Wurin kafaɗa, inda kike tsayawa a 'yan kwanakin nan, babu kowa. Muka tsaya muna kallon wurin, don kowa ya manta cewa ba za ki shigo ba. Sai Habib ya taso daga bayan teburin ogansa, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Shi ya ce bisimilla.

Ba mu ɗaga rigar ba. Ba a buƙata. Abin da turare ya rufe a kwance, juyi ya bayyana shi, kuma duk wanda ke ɗakin yana da hanci.

Da aka gyara masa matashi, shugaban ya zagayo ya tsuguna kusa da kansa, ya gaishe shi da Barbarci, sannan ya yi tambayar da muke tsoro.

"Baba, yaran nan naka, ina suke?"

Ya Zainaba ta sunkuyar da kai. Baba Ba'ana ya dubi mutumin ido cikin ido.

"Suna gona," in ji shi. Har mun zaci ya gama. Sannan ya ce, "Sun dai daɗe."

Shugaban bai sake tambaya ba. Ya koma kujerarsa, ya ce Bulama da limamin unguwa su shaida cewa babu wani ɗa da ke ciyar da wannan bawan Allah ko yake jinyarsa, wannan ya wadatar. Ba a ambaci mutuwa ba. Aka amince da shi. Nas ta fara zuwa, an kawo magani, Salomi ta ce bakin gyambon ya fara yin ja mai kyau. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, amma muna sa rai.

Mun gode, kuma godiyarmu ta gaskiya ce. Sai dai an rubuta cewa an amince da shi ne a matsayin lamari na musamman, ƙa'ida kuwa tana nan yadda take. To, ga saƙo ga masu ƙa'ida, da ladabi. Baba Ba'ana ba na musamman ba ne. Daga Abbaganaram zuwa Maisandari akwai tsofaffi da yawa da 'ya'yansu suka tafi gona, ko kasuwa, ko makaranta, suka daɗe. Duk wanda kuka tambaya a cikinsu zai ce muku alhamdulillahi. Duk ɗakin da kuka sanar za ku shiga, za ku tarar an share, an turara, an shimfiɗa ta aro, domin ba za mu daina rufa wa junanmu asiri don mu dace da takardarku ba. Ku ne za ku koyi dubawa. Ku turo mai jinya tare da mai biro, ku tambayi maƙwabta wa ke juya shi, ku kama kafaɗa. Kafin nan za ku riƙa ganinmu. Bencin da mai ruwa ke ajiye wa Ya Siddiƙa yana nan, mun riga mun raba kwanaki, kuma a cikinmu akwai 'yan ritaya da dama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Jannat da sauran 'ya'ya da jikoki, da dukkan zuriyar marigayi Alhaji Abdulwahab, da 'yan uwanta na nan da na nesa. Ina yi wa Sista Salomi gaisuwa, ita da ta rasa abokiyar tafiya ta tun ƙuruciya. Ina yi wa Baba Ba'ana da Ya Zainaba gaisuwa, kuma wannan gaisuwar ya karɓe ta, har ya ce a shafa Fatiha. Ina yi wa Bulama da duk jama'ar Abbaganaram gaisuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya ba mu ƙarfin hannu.

Ya Allah, ga baiwarKa Siddiƙa ta zo maKa. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka haskaka makwancinta, Ka sa ciwon da ta ɓoye ya zama kaffara. Yadda ta juya bayinKa don kada ƙasa ta ci su da ransu, Ka yalwata mata kabarinta, kada ƙasa ta matse ta. Yadda ta ƙi a tona asirin wani don a ba shi haƙƙinsa, Ka rufa mata nata ranar da babu abin aro. Ka sada ta da Aljannar Firdausi, Ka kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.

Bayan an yi addu'ar bakwai Ya Zainaba ta aika a tambayi Hajiya Rakiya yaushe za a mayar mata da dardumarta. Hajiya ta ce a gaya mata, wadda ta hana a naɗe ta ba ta dawo ta ba da izini ba. Tana nan a shimfiɗe.